Baffansa Ya Karɓe Wayar, Ɗana Ya Daina Magana

Gwaggo Ɗelu, don Allah ki taimake ni, ba ni da wanda zan faɗa wa wannan magana. Ban yi boko mai nisa ba, ki yi haƙuri da rubutuna.

A Pantai Dalam muke zaune, cikin Kuala Lumpur. Karatu ne ya kawo mijina Malam Halliru, mu kuma muka biyo shi. Korona ta ɗauke shi bana. Ma'aikatan asibiti ne suka yi masa sutura, ko fuskarsa ban gani ba. Yanzu ina takaba, daga ni sai ɗanmu tilo Haidar, mai shekara sha bakwai.

Bara, lokacin kullen korona, Haidar ya same ni a kicin. Ya fara da Hausa, ta ƙare masa, ya koma Turanci yana kuka. Abin da na gane shi ne, a ransa mace yake jin kansa tun yana ƙarami, kuma ya gaji da ɓoyewa. Malam bai yarda da abin ba, amma bai taɓa ɗaga masa hannu ba. Akwai wata ƙungiya a nan mai sauraron matasa irinsa, suna da wata mata mai ba da shawara ta waya. Malam ya bar su suna magana, saboda tun da suka fara yaron ya koma cin abinci.

Bayan rasuwar, ƙanin Malam, Hambali, da ke unguwar Danau Kota ya kawo mana cefane, ya tarar Haidar na waya da matar. Ya karɓe wayar, ya ce aljana ce ta auri yaron. Ya haɗa mu ta waya da wani mai ruƙiyya a Kano, aka buɗe muryar waya, aka ce in danne wa Haidar kafaɗu. Na danne. Malamin yana tambayar aljana sunanta, layi yana yankewa, Haidar kuwa ni kawai yake kallo.

Tun ranar bai ƙara ce mini Umma ba. Abinci sai dai in ɗauke yadda na ajiye. Yakan daɗe tsaye a baranda, mu kuwa a hawa na sha huɗu muke. Na kulle ƙofar na ɓoye makullin.

Gwaggo, in ba shi wayata ya kira matar nan? Ina tsoron Allah, ina tsoron Hambali, ina tsoron abin da za a ce idan mun koma Kano. Amma na binne miji a ƙasar mutane, ba zan iya ƙarawa da ɗana ba.

Mai takaba, Pantai Dalam

*

'Yar uwa, Allah ya jiƙan Malam, ya ba ki juriya.

Ba shi wayar, yau ba gobe ba. Yaron da ya daina ci, ya daina magana, yake tsayuwa a baranda, ransa ke cikin haɗari. Ki zauna kusa da shi ki tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin. In ya ce e, ko ya yi shiru irin na amsawa, ku tafi asibiti nan take. Takaba ba ta hana fita don lalura.

Ni ba malama ba ce, ba zan yi miki fatawa ba, ba kuma zan ce damuwarki ta addini ba komai ba ce. Hambali ma tsoro ne ya kama shi, ɗan yayansa ne. Amma raba yaro da mai sauraronsa a tsakiyar makoki kuskure ne. Ki gaya wa Hambali mahaifin yaron ne ya yarda da wannan waya, kuma ba za a sake danne shi ba.

Ke ma ki yi magana da matar. Tambaye ta me suke yi, me ba sa yi, wa ke jin sirrin yaron, ko akwai zaman iyaye. In Turanci ya yi miki nauyi, ki nemi su samo tafinta. Kada maganar ta bazu, a can ko a gida; tana iya jawo masa cutarwa.

Sannan ki ba Haidar haƙuri kan ranar ruƙiyya. Ba sai kin fahimci komai ba, ba sai kin yarda da komai ba. Ki ce masa ke ce uwarsa, kuma ba za ki yar da shi ba. Sauran tambayoyin za su jira. Shi ne ba zai iya jira ba.

Allah ya raya miki abin da kika haifa, ya sanyaya zukatanku.

Gwaggo Ɗelu