Tauraro Mai Tafiya da Maɗigar Ɗiyata

Inna Hajjo, don Allah ki cece ni. Ban yi karatu ba, maƙwabciyata Habi ka rubuta mini, ni ina ta hwaɗi. Muna Turba, shekara ta biyu ke nan ba damana, rijiyarmu sai laka.

Maigidana Labbo ya samo madubin hangen nesa ga wani Bamaraɗe. Tun da rediyo yac ce Amirkawa sun harba ɗaki sama da mutane ciki, da an sallame magariba shina kan katanga. Ran nan wani tauraro yat taho shina tahiya, ba ƙyahtawa, ni ma na gan shi. Labbo yaɗ ɗaga Zulaihatu sama wai ta gani, ɗiyar da ko zama ba ta iya ba, kanta ba kallabi! Bayan nan zawo yak kama ta. Yanzu maɗigarta ta hwaɗa, tana kuka ba hawaye. Tsohuwar gidanmu ta ce waɗanda sunka taka wata sunka kore hadari, su na sunka danne ma ɗiyata kai. Na sa ta ƙuryar ɗaki, na toshe taga. Labbo ya ce mu kai ta garin Isa ga likita, to hanyar dut hili ta, ba inuwa, sama na kallonmu. Ina za ni da ita haka? Ba ni barci, Inna.

Uwar Zulaihatu, Turba

'Yata,

Kafin takardarki ta iso ni an kwana biyu, saboda haka in har ba ku tafi ba, yau za ku tafi. Faɗawar maɗiga da kuka ba hawaye alama ce ruwan jikin yarinya na ƙarewa. Zawo ne ya jawo, kuma ina zargin lakar rijiyar nan. Kada ki daina ba ta nono ko a kan hanya. Ruwan sha kuwa, a tace a tafasa.

Abin da kuka gani ɗakin ƙarfe ne, hasken rana ne ke haska shi. Ya ratsa kan yara da yawa a duniya suna ƙalau, kuma an sha fari a Gobir tun ba a taka wata ba.

Malam Labbo ya yi gaskiya kan likita. Amma mai hangen abin da ke nesa haka, ya kamata ya hangi tsoron matarsa, ya zauna ya yi miki bayani. In lulluɓe kan yarinyar zai kwantar miki da hankali, lulluɓe shi, ba laifi. Ki dai fito da ita.

Allah ya ba Zulaihatu lafiya, ya jiƙa mu da ruwa.

Inna Hajjo