Ashe Ba Sauka Ka Yi Ba, Imma

Zuwa ga abokina Imanuwel, wanda yanzu aka ce sai an haɗa masa da Istifanus,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke nan Roni lafiya. A nan shafin sada zumunta inda kowa zai gani na rubuto, saboda an ce makarantar da ka shiga ta koyon zama fada, wato limamin coci, karɓe waya suke yi sai lokacin hutu. In an ba ka wayarka, ka tarar. In ka ga kuskure a rubutun kuma laifinka ne, kai ka koya mini boko a gindin dalbejiyar tasha. Ni allo na sani.

Haushinka nake ji, Imma. Gara in faɗa tun da wuri kafin ka zaci tsokanar da na saba ce.

Ka tuna ranar da ka ce mini za ka fara zuwa darasi a cocinku na Kazaure, wai kana shirin karɓar Ƙarfafawa? Na tambaye ka mece ce ita, ka yi ta kame-kame, ka ce ana karatu, a yi tambayoyi, Bishop ya zo, a yi biki. Na ce to ai sauka ce. Ba ka ce e ba, amma kuma ba ka ce a'a ba. Nan ka cuce ni.

Domin ni a sanina, in yaro ya yi sauka ya gama. Malam ya sa albarka, a ci waina, ya kama sana'a. Mu kuma mun riga mun yi magana, kai da ni, cewa da ka kammala za mu buɗe garejin gyaran babur a bakin titin Kazaure. Kai kan inji, ni kan jawo masu babura da surutu. Shi ya sa duk Asabar nake goya ka a acaɓata, in bar fasinja a tsaye, in zauna a wajen katanga ina cin gyaɗa har ku tashi. Ruwa ya dake mu a hanyar nan, ƙaya ta fasa mana taya, ban taɓa cewa uffan ba. Gareji nake hange.

Har horo na ba ka. Da na ji wani tsoho a shagon mamanka yana cewa a zamaninsu Bishop yakan ɗan mari mutum a kumatu, kullum sai na ɗauke ka da mari ɗaya a bayan tasha, na ce ina gina maka fuska ne. Ka bi ni da sifana har cikin masu kifi.

Ranar bikin na sa shaddata ta Sallah, na tsaya ta taga. Na ga kun jeru da fararen kaya. Na ga wani ma'aikacin asibiti daga Gwiwa ya tsaya a bayanka ya ɗora hannu a kafaɗarka ta dama. Mutumin da ko sau ɗaya bai taɓa tura babur da kai a cikin laka ba! Daga baya ka ce dole sai wanda shi ma ya karɓa ne zai tsaya maka. Na gane, kowane gida da ƙa'idarsa, amma ranar kam ta tsaya mini a wuya. Bishop ya tsoma yatsa a mai ya shafa maka a goshi, ya kira ka da sabon suna, ka ce amin. Mari kuwa ko alamarsa ban gani ba. Duk wahalata ta tafi a banza.

Na tara 'yan acaɓa a waje, mu zaga da kai gari kamar yadda aka zaga da ni ranar tawa. Ka hau, ka yi dariya, amma ba irin dariyarka ba. Goshinka na ƙyalli na ce ko ƙosai ka ci da shi, ka yi murmushi kawai. Tun a nan ya kamata in sha jinin jikina.

Damina ba ta ƙare ba ka ɗaure jaka.

Na je wurin mamanka da faɗa a bakina. Tana auna wa wata mata shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sabi'u ɗana, lokacin da aka yi masa baftisma a goye yake, mu muka amsa masa. Yanzu shi ya amsa da bakinsa, Ruhu Mai Tsarki ya ƙarfafa shi, an sa masa hatimi. Wanda aka ƙarfafa ai ba zama aka ce ya yi ba, aike ne." Na ce to kowa ma da aka shafa wa man fada yake zama? Ta ce a'a, yawanci suna nan suna sana'arsu, kowa da inda aka aike shi. Wannan ta fi ba ni haushi. Wato da ka ga dama, da garejin ma aike ne!

Abin da nake so ka sani ke nan. Ban ce kada ka bi addininka ba, ban isa ba, kuma ka san ko ranar Juma'a kai kake tsare mini babur a ƙofar masallaci. Amma me ya hana ka buɗe baki ka ce mini, Sabi'u, abin nan ba gamawa ba ne, kuma zuciyata ta fara karkata wani wuri? Tsoron tsokanata ka ji? Da na tsokane ka, wallahi da na yi, har da waƙa. Amma da na sani.

Na kai ƙararka wurin Malaminmu na allo, ina zaton zai taya ni. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in tuna abin da aka rubuta a allon saukata. Fatiha ce da farkon Baƙara. Ya ce, "To ka gani, ranar da ka kai ƙarshe, farko aka mayar da kai. Wa ya ce maka ka gama?" Na tashi ban ko yi sallama da kyau ba. Ashe tawa saukar ma ban fahimce ta ba, balle taka.

Mai filin da za mu kafa garejin ya gaji da jirana, ya ce ko in kama ko ya ba mai faci. Na kama. Ni kaɗai. Jiya na kwance kaburetar wani bawan Allah, na mayar, kusoshi suka yi saura a hannuna, ya tsaya yana kallona ina kallonsa. Ka ga abin da ka jawo.

Ba zan ce ka dawo ba. Na so in ce, na rubuta na goge. Amma na lura fadan da ke zuwa ƙauyukan nan a kan babur yake yawo, kuma hanyar Gwiwa ba ta san malami ba, ba ta san fada ba. In an gama da kai aka turo ka nan, dole wata rana ka turo babur ɗinka har ƙofata. Ranar zan sa ka cire farar rigar nan ka nuna mini inda kusoshin suke shiga.

Allah ya tsare ka, ya ba ka ikon abin da ka ɗauka, ya sa kada su gane da wuri irin wanda suka samu. Amin.

Naka, mai jin haushinka har yanzu,
Sabi'u na tashar Roni