Gurbin Ogechi

Litinin, 5 ga Yuli, 1999
Sabuwar sigar laburaren lissafi na kwamfuta ta iso daga Legas, ta uku ke nan. A kansa manhajarmu ta fitar da sakamakon ɗalibai take tsaye. Sauri kamar me. Na ce wa Obinna, abokin shagona, sojoji sun koma bariki, tsohuwar siga ma ta bi su. Foldar gwaje-gwajen da ke biyo ta, masu nuna ko lissafin na tafiya daidai, kuwa na goge, kamar kullum. Wurin faifai take cinye mini.

Talata, 6 ga Yuli
Obinna na ta mita: "Malam Goni, wanda ya rubuta gwaji ba mahaukaci ba ne." Na ce ni ma ba mahaukaci ba ne. Na saya masa gurasa ya yi shiru.

Alhamis, 8 ga Yuli
Mun buga sakamakon makarantar Madam Agnes ta Sabon Gari. Gobe za a raba.

Juma'a, 9 ga Yuli
Ina saukowa daga masallaci na tarar da Madam Agnes a shago da takarda ɗaya. Ogechi, yarinyar da kullum take cikin ukun farko, wai za ta maimaita aji. Uwarta har ta yi kuka. Na ce kwamfuta ba ta ƙarya. Wallahi da ƙarfi na faɗa.

Obinna ya jawo kujera gaban kwamfuta. Ashe ya ɓoye kwafin foldar. Ya kunna gwaje-gwajen, ya buɗe mini na goma sha bakwai: gurbin da ba maki, tsohuwar siga tsallake shi take, sabuwar kuma sifili take ba shi. Ogechi ta yi zazzaɓi, jarabawa ɗaya ta wuce ta, kuma makarantar ta yafe mata.

A rubuce yake tun Litinin. Ni na goge. Kunya ta kama ni sosai.

Asabar, 10 ga Yuli
Mun gyara, mun sake bugawa. Ogechi ta zo ta biyu. Da kaina na kai takardar gidansu, a kan acaɓa. Uwarta ta cika mini leda da cincin, Obinna ya cinye rabi, wai haƙƙinsa ne.

Litinin, 12 ga Yuli
Na biya kasuwar Bata na sayi faifai biyu. Ba don komai ba, araha na gani.

Na kuma ƙara gwaji ɗaya a foldar, nawa na kaina. Na sa masa suna Ogechi. Obinna bai gani ba tukuna.