Jarkokin Sabulun da Aka Dawo Mini da Su a Gaban Kawuna

Zuwa ga Mai Girma Daraktan Sayen Kayayyaki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, ni mai haɗa sabulun ruwa ne a Wunti, kuma na daɗe ina kai wa sitonku kayan da ake raba wa ƙananan asibitoci. Da kunya nake rubuta wannan takarda, don ban saba shanya cikina a bainar jama'a ba.

Na ɗaya. Da aka ce sai mai shaidar inganci zai ci gaba da kawo kaya, ƙarfina bai wuce in yi wa kaya ɗaya rajista ba. Iri biyu nake yi: mai ƙamshi na kwalba, da marar turare na jarka, wanda ma'aikatan jinya da kansu suka roƙa a cire masa turare saboda masu haki. Na je ofishinku neman shawara. Jami'inku ya ce in yi wa na kwalba, tunda tukunya ɗaya ce, shaidar za ta rufe duka. Ban ce ya rubuta mini ba. A tarbiyyarmu, babba ba ya magana ka ce masa ya sa hannu.

Na biyu. Da shaidar ta fito na sa ta a gilashi na rataye, na bi dangi ina cika baki. Kawuna, dattijon makiyayi a wajen Zungur, wanda bai taɓa sayar da saniya don wata harkar birni ba, ya yarda zai kai bijimai kasuwa mu sayi injin dama sabulu, ya zama abokin tarayyata. Sharaɗinsa kawai ya gani da idonsa.

Na uku. Ranar da ya zo da amininsa, ina tsakiyar nuna musu gilashin nan sai ga Keke Napep a ƙofar shago, shaƙe da jarkokina. An dawo da su daga sitonku, wai shaidata ta mai ƙamshi ce, marar turare wani kaya ne daban. Ranka ya daɗe, da ƙasa ta tsage da na shige. Kawu ya nufi keken. Ya naɗe hannun rigarsa, ya kama jarka, shi da furfurarsa, ya taya ni shigar da su ciki. Ya yi mini addu'a, suka tafi. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ban ce doka ta yi laifi ba. Amma mai ƙaramin jari sau ɗaya yake zaɓi, kuma da bakinku na zaɓa.

Ina roƙon ku rubuta a fili irin shaidar da kuke karɓa ga kowane kaya, ku manna a ƙofar sito. Ku ba ni wa'adi in yi wa na jarka rajista ba tare da an cire sunana daga jerin masu kawo kaya ba. Sannan ku ba ni takarda mai cewa kayana ba jabu ba ne. Maganar bijimai na haƙura da ita. Auren 'yar Kawu ya matso, ni aka ɗora wa tarbar baƙi, kuma har yau na kasa taka Zungur.

Allah Ya yi muku jagora, Ya rufa muku asiri a gaban manyanku.

Wassalam.

Mai sabulu, Wunti, Bauchi.