An Mayar da Mama Abin Tausayi a Waya

Anti Najeeba, don Allah ki taimake ni da shawara, raina ya ɓaci har abinci ba ya shiga mini.

Ba zan faɗi sunana ba, ko da yake duk wanda ya girma a Gombe zai gane gidanmu. Mahaifiyata ce ta fito a Lami Tsiwa cikin wasan barkwancin nan na talabijin, Ƙofar Baba Dokas, ita ce telar nan mai bakin tsiya da kullum take rigima da mai gidan haya. Muna yara, in lokacin shirin ya yi falonmu cika yake har bakin taga. Abin da mutane ba su sani ba, yawancin maganganun da ke ba su dariya ita take tsara su, a kicin, tana tuƙa tuwo tana gwada su a kanmu. Wadda ba mu yi wa dariya ba sai ta watsar.

Yanzu ta manyanta. Bara ta samu shanyewar ɓarin jiki, da sauƙi dai, amma bakinta ya ɗan karkace. Tana zaune tare da ni da maigidana a unguwar Barunde, ɗakinta daban, maganinta ba ya yankewa, ƙanena Timoti ne ke kai ta asibiti.

Watan jiya wani matashi, Anas, mai shafin labaran 'yan wasa a intanet, ya nemi hira da ita. Mama ta sa aka yi mata kitso, ta ɗaura leshin Kirsimetinta, ta fito da tsofaffin hotuna. Sun daɗe a falo. Ta ba shi labarin yadda suke ɗaukar shiri da kyamara ɗaya tak, da surutun da dangi suka yi mata don tana mace tana wasa a talabijin. Da zai tafi ya ce ta fito tsakar gida, wai can ya fi haske. Ya tsayar da ita jikin tsohon kejin kajin da muka daina amfani da shi. Nan tari ya sarƙe ta har hawaye ya zubo.

Anti, wannan tarin kaɗai ya saka! Ya ɗora kiɗa mai ban tausayi, ya rubuta wai ga yadda tsohuwar tauraruwa ta koma, 'ya'yanta sun yi watsi da ita. Wasu shafuka suka kwafa, babu wanda ya kira mu. Ɗaya ya ƙara da cewa ta makance. Mutanen da ba su taɓa ganina ba suna ta tsine mini. A coci wata mata ta ja ni gefe ta miƙo mini tsofaffin zannuwa a leda wai in kai wa Mama. Abokan aikinta na wasan talabijin, waɗanda ko leƙe ba su yi ba tana kwance a asibiti, sai ga su da buhun shinkafa da mai ɗaukar hoto.

Abin da ya fi ci mini rai, Mama daɗin abin take ji. Wayarta ba ta hutawa, tana ta yi wa baƙi muryar Lami Tsiwa. Anas ya sake kira yana son kashi na biyu, amma wai sai ta cire leshi ta zauna a tabarma, kuma ta amsa masa. Na ɗaga mata murya, abin da ban taɓa yi ba. Ta ce ni ban san zafin mutum ya ratsa kasuwa babu mai waiwayo ba. Tun daga ranar, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu. In rufe wa baƙin nan ƙofata ne, in karɓe wayar?

'Yar Tela, Barunde

'Yar uwa, ni ma na ji ƙyamar abin nan. Wanda aka ba tarihin aiki na shekaru ya zubar ya ɗauki tarin tsohuwa, ba aikin jarida ya yi ba. Kuma ƙarya ya yi muku, kina da haƙƙin jin haushi.

Amma kada ki karɓe wayar. Mahaifiyarki ba yarinya ba ce, ciwo ya taɓa jikinta ne, bai taɓa hankalinta ba. Kun ba ta ɗaki da magani, Allah ya saka muku. Sai dai matar da ta saba falo ya cika dominta, akwai abin da take rashi wanda ba ya cikin kwalbar magani, kuma Anas ya riga ku ganewa. Ba tausayin take so ba, masu sauraro take so.

Ki fara da ba ta haƙuri a kan ɗaga murya. Sannan ku zauna da Timoti ku nuna mata bidiyon, ku karanta mata abin da ake rubutawa a kanku. Ina zargin kiran masoya kawai take ji, zagin bai kai kunnenta ba. Uwa ba za ta yarda a sayi sunanta da mutuncin 'ya'yanta ba.

Shi kuwa Anas, ku kira shi gaban wani dattijo da yake jin nauyi. Ya goge ƙaryar, ya nemi afuwa a shafin da ya yi ta, ya saka cikakkiyar hirar. In ya ƙi, ku kai ƙorafi ga ƙungiyar 'yan jarida, kuma kada ya sake taka muku gida. Masu shinkafa ku gode musu, ku ce kyamara ta tsaya a waje. Nan za ki gane masu zuwa don Allah, su ne za su dawo.

Daga nan ki ɗauki wayarki ki zama mai yi mata hira. Ta zaɓi kayanta, ta zaɓi wurin zamanta, ta faɗi abin da ta ga dama. Ku saka da kanku. In ta ba ki dariya, ki yi da ƙarfi ta ji.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya daidaita tsakaninku.

Anti Najeeba