Na Kai Mama Gidan Abinci

Asabar, da dare

Yau na kai Mama gidan abinci a cikin Mubi. Tun rasuwar Baba ba ta cin abin kirki, sai rama take yi. Da aka ajiye mana tuwo da miyar yakuwa, ta miƙe wai za ta kawo ruwan wanke hannu. Na ce, "Mama, zauna, yau ke za a yi wa hidima."

Ta ɗanɗana ta ce, "Daddawa ta yi kaɗan. Da Babanku ne, da ya ture kwanon." Ta yi dariya, ni kuwa na ɓoye hawayena.

Duk da kushen, ta suɗe kwanon tas. A hanyarmu ta komawa gida Bahuli ta ce, "Wani sati mu koma, in koya musu miya."