Na Sa Wa Ƙanwar Mijina Kayan Nas Alhali Ba Ta Gama Makaranta Ba

Assalamu alaikum Edita da masu karanta wannan fili. Don Allah a sakaya sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Ni nas ce. Na daɗe a babban asibiti kafin wani kamfanin jimar fatu a Challawa ya ɗauke ni in riƙe masa ɗakin shan magani na ma'aikata. Mijina yana da ƙanwa, bari in kira ta Binta, wadda aka koro daga makarantar koyon jinya tun ba ta yi nisa ba. Surukata Hajiya ta sa ni a gaba, kullum magana ɗaya: "Ke da kike Sista, ba za ki rufa wa ƙanwarki asiri ba? Allura ce fa da ɗaure ciwo, ko ni sai in yi." Wai ko ita sai ta yi! Aikin da na yi shekaru ina shan wuya kafin in iya! Amma na haɗiye, na je na ce wa manaja Binta ta gama karatu. Shi ko bai bincika ba ya ɗauke ta aiki, tunda ya sami mai araha. Da hannuna na sa mata farin kaya da hula, alhali na san ma'aikatanmu duk wanda suka gani cikin farin kaya likita ne a wurinsu.

Ranar da abin ya faru ina gidan suna a dangin mijina, Hajiyar ce ma ta ce lalle in zo. Malam Sale, mai sauke ɗanyun fatu daga mota, ya je wurin Binta da ƙurji a wuya, tsakiyarsa baƙi ƙirin kamar gawayi, gefensa a kumbure. Duk nas ɗin da ta yi karatu ta kuma zauna da majema ta san wannan. Daga fatar dabbar da ciwon saifa ya kashe ake ɗaukarsa, kuma allurar fanisilin ake farawa nan take a miƙa mutum asibiti. Me Binta ta yi? Ta ce maruru ne, ta matse shi, ta shafa shuɗin magani, ta ce ya koma bakin aiki! Ko a hira ba ta gaya mini ba. Sai da kumburi ya haɗe wuyansa da ƙirjinsa 'yan uwansa suka ɗauko shi daga ƙauye a bayan akori-kura. Sai a sannan na sami labarin ƙurjin. Bai jima a asibiti ba ya cika.

Da na tsare Binta na ce, "Ke ba ki ga baƙin nan ba?" sai ta murguɗa baki ta ce, "Yaya, ai ya ce ba ya masa zafi." Rashin zafin nan ai shi ne alamar! A ajin da ba ta kai ba ake koyar da shi. Hajiya cewa ta yi, "Kwanansa ne ya ƙare, kar ki ɗora wa yarinya." Mijina kuwa ya ce in na kuskura na buɗe baki, in san inda dare ya yi mini. Wallahi haushinsu nake ji kamar in fashe, amma wa ya yi ƙaryar? Ba ni ba ce? Matar mamacin har ofis ta zo da goyonta, ta kawo mana ƙwan zabi tana godiya, wai mun yi iya ƙoƙarinmu. Na karɓa, na kasa kallon idonta.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Kamfani zai mayar da ni reshensa na Sharada a wata mai kamawa, a bar wa Binta ɗakin ita kaɗai. Fatu kuwa kullum sai an sauke, a kafaɗa ake ɗauka, ba ko safar hannu. In na faɗi gaskiya, aurena da aikina sun tafi tare. In na ja bakina na yi shiru, duk wanda ya sake zuwa da baƙin ƙurji ita zai tarar.

Jama'a, don girman Allah, me zan yi?